Sunana a Littafin Farfesa

Abuja,
ranar Lahadi.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, kin sauka Zariya ba gajiya, kin kuma samu ɗaki mai ruwa da wuta. Allah ya tsare ki a masaukinki, ya haɗa ki da malamai da abokan zama na ƙwarai. Mamanki tana gaishe ki. Labarin gida ita za ta ba ki ta waya, ta fi ni iyawa. Ni magana ɗaya ce ta zaunar da ni rubutu, kuma na zaɓi takarda ne don na san in na kira ki za ki ja ni da wasa, ni kuma in samu hanyar zillewa.

Ranar da kike haɗa kaya kin fito falo da littafin Farfesa, wanda ya rubuta a kan tarihin ƙauyukan da birnin nan ya haɗiye. Kika buɗe babin Kudna, kika nuna wa Mamanki ƙasan shafi, kika ce, "Mama, ga sunan mijinki a littafin ilimi! Ashe tsohon nan babba ne muke raina shi." Ta ce, "Ke dai kike raina shi." Muka yi dariya, na ce Allah ya yi miki albarka, na koma kan jaridar da nake karantawa. Abin da ya kamata in faɗa miki a lokacin shi ne, maƙalar da na rubuta a jarida, wadda Farfesa ya dogara da ita, ba daidai ba ce, kuma na daɗe da sanin haka.

Dalili biyu suka sa ba zan ƙara yin shiru ba. Kundinki na digiri na biyu a kan Kudna za ki rubuta shi, kuma na ga a cikin takardunki kin riga kin kwafo jumlar nan da ke cewa fatake ne suka kafa ƙauyen, manoman Gbagyi daga baya suka taru. Na biyun ya fi nauyi. Titi zai ratsa ta kan Kudna, kuma akwai kwamitin da ke zama yanzu yana tantance su wa ne 'yan asalin wurin. Gidan da aka rubuta ɗan asali za a ba shi fili a sabon matsuguni. Gidan da aka rubuta baƙo zai kwashe kayansa ya je neman haya a Masaka. Littafin Farfesa yana kan teburin kwamitin.

Bari in faro daga baya kaɗan, don ki ga yadda mutum yake koyon rabin darasi ya ɗauka ya gama.

A shekarata ta farko a aikin jarida na rubuta wani ɗan tarihin wata kasuwa, na ɗauko shi daga littafi mai kauri. Editanmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, ba ya ɗaga murya. Ya ɗora biro a kan jumla ɗaya ya ce, "Wa ya ce?" Na ce littafi. Ya ce, "Littafi ba ya zuwa kasuwa, Malam. Wa ya gaya wa mai littafin?" Na koma na duba. Shafin cike yake da ƙananan lambobin da ke nuna madogara: lamba a kan farashin gishiri, lamba a kan sunan wani sarkin kasuwa, lamba a kan hanyar da ayari ke bi. Jumlar da na ɗauko, wadda ita ce babbar magana a shafin, ba ta da lamba ko ɗaya. Ra'ayin marubucin ne ya zauna a tsakiyar abubuwan da ya tabbatar, ni kuma na ba shi darajarsu. Don haka in kin buɗe littafin tarihi, ki lura da jumlar da aka kawo wa hujja da wadda aka bari haka nan. Yawan lambobi a shafi yana kwantar da hankalin mai karatu, sai ya daina duba inda suke zaune.

Daga ranar na saba duba ko magana tana da madogara. Bin madogarar har inda ta tsaya kuwa ban koya ba, kuma wannan ne ya kai ni ga Kudna.

An tura ni in rubuta maƙalar ƙarshen mako a kan ƙauyukan da ke bayan Apo, lokacin wurin bai cika da gareji kamar yanzu ba. Na yi shiri irin wanda nake alfahari da shi. Na samo wani tsohon littafi a kan yankin, na tarar ya ce fatake daga arewa ne suka kafa Kudna a matsayin zango, ya kuma nuna cewa daga rahoton wani Di'o, jami'in gunduma na zamanin Turawa, ya samo maganar. Na ce to, ga madogara. Na shiga mota na je ƙauyen, na sauka a ƙofar dagaci, inda kowane baƙo yake sauka. Mutum ne mai kirki, Hausarsa tsaf, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ba ni labarin yadda kakansa ya sauke kaya a bakin rafi, ya kafa bukka, kasuwa ta kafu, jama'a suka taru. Daidai da abin da ke cikin littafin, kamar ya karanta. Na yi murna. Kafin la'asar ina ofis, na rubuta cewa rubutattun bayanai da tarihin baka duk sun tabbatar da asalin Kudna. Na kuma rubuta cewa dattawan ƙauyen ne suka shaida mini. Mutum ɗaya na zauna da shi. Sauran suna gefen tabarma suna sauraro, ban tambaye su ko sunayensu ba.

Bayan mako biyu wani dattijo ya zo ofishinmu da jaridar a naɗe a hammata. Sunansa Baba Yohanna, manomin doya ne daga Kudna, malamin makarantarsu ne ya karanta masa maƙalar. Ya ƙi kujera, ya tsaya a gaban teburina.

"Oga, kai ne ka rubuta Kudna?"

"Ni ne, Baba."

"Ka hau dutse?"

"Wane dutse?"

"Dutse da yake bayan gidan dagaci. Ka zo da mota, ka sha ruwa, ka koma. Kakana yana sama. Kakan kakana yana sama. Kai ka ce mun zo daga baya. To matattun, wa ya kai su can? Tasi suka hau?"

Abokan aikina suka kwashe da dariya, ni kuma na ji zafi. Na ce masa ba ni na ƙirƙira ba, Bature ne ya rubuta tun kafin a haife ni.

Ya ce, "Bature ya tambayi wa?"

Na ce mutanen gari.

"Da wane yare? Kakana bai san Hausa ba. In ya ga Bature, gudu yake yi."

Na sake tura masa kujera. Sai ya zauna, ya yi mini bayanin da ya kamata in nema da kaina. A Kudna tarihin ƙasa ba a hannun dagaci yake ba. Lokacin da Turawa suka zo, mutanen kan dutse ba su son hulɗa da su, ba su kuma jin Hausar da tafinta ke yi, sai suka tura mai zangon da ke ƙasa ya riƙa amsa tambayoyin baƙi. Daga nan sarautar ta zauna a gidansa. Tarihin kakanni kuwa yana wurin dattijon gidan da ke fara saran gona duk damina, wato shi Baba Yohanna, kuma ba ya kiran sunayensu a ƙofar dagaci ko a kasuwa. Sai ka bi shi kun hau dutsen, ya tsaya a kan kowane kabari ya faɗi mai shi. Ya ce, "Ina nan a gefen tabarma ranar da ka zo. Ka kalle ni sau biyu. Da ka tambaye ni ma, ba zan faɗa maka a wurin ba. Amma da na ce maka ka dawo gobe da takalmi mai kyau."

Watanni bayan haka wani aiki ya kai ni Kaduna, na shiga inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati na nemi rahoton Di'on. 'Yan shafuka ne. Don tsara haraji aka rubuta shi, tarihin ƙauyen bai wuce sakin layi ɗaya ba. A yadda na tuna, kwana ɗaya ya yi a wurin, ta bakin tafinta ya yi tambaya, kuma wanda ya ba shi labari shi ne sarkin zango, wato kakan dagacin da ya ba ni ruwa. Can ƙasa ya ambaci cewa ya hango gidaje da tsohuwar ganuwa a kan dutse amma bai hau ba. Tsohon littafin ya ɗauki sakin layin farko ya bar wannan.

Kin ga abin da ya faru. Kakan ya faɗa wa Di'o, Di'o ya rubuta, mai tsohon littafi ya kwafa. Kakan nan dai ya faɗa wa jikansa, jikan ya faɗa mini. Ni na ɗauka shaidu biyu na samu, ɗaya a takarda ɗaya a baki, alhali mutum ɗaya ne ya yi magana sau ɗaya, ta iso mini ta hanya biyu. Kin yi karatun hadisi a Islamiyya, kin ga yadda malaman fannin ba su ƙirga littattafan da ruwaya ta fito a ciki, sai su bi isnadin su ga ko duk a kan mutum ɗaya ya haɗu. Ni ma na yi wannan karatun, amma ban taɓa kawo shi teburin aikina ba.

Saboda haka in littattafai uku sun yarda a kan magana, ki jinkirta murna har sai kin bi kowanne zuwa tushensa. In kin isa takardar asali, ki tambaye ta abin da za ki tambayi baƙon da ya kawo miki labari: me ya kai shi wurin, kwana nawa ya yi, wa ya zauna da shi, da wane harshe, wa kuma yake gefe bai yi magana ba. Ki karanta ta har ƙarshe, domin wanda ya riga ki karanta ta abin da yake nema ya ɗauka. Kada kuma ki yi saurin cewa an yi ƙarya. Dagacin bai yi mini ƙarya ba. Kakansa ya kafa zango, ya kafa kasuwa, haka ne. Tarihin gidansu ya ba ni, ni na mai da shi tarihin ƙauye.

Kuskurena na gaba kishiyar wannan ne. Na bi Baba Yohanna mun hau dutsen. Na ga kaburbura, na ga ragowar ganuwa, na ga ramukan niƙa da suka yi zurfi a jikin falalen dutse. Na sauko na koma ɗan ga-ni-kashe-ni na tarihin baka. Duk abin da Bature ya rubuta, a wurina ya zama shara. A wannan lokacin aka ba ni littafin wata matashiyar masaniyar tarihi in yi masa sharhi. Na duba jerin madogararta na ga rahotannin Turawa sun yi yawa, na karanta gabatarwa da babi ɗaya, na yi mata kaca-kaca a jarida. Shekaru bayan haka na karanta littafin gaba ɗaya, na tarar ta yi ainihin aikin da ni ban yi ba. Tana ɗora rahoto a kan rahoto, tana nuna inda suka saɓa, tana faɗin abin da kowane jami'i yake so shugabansa ya ji. Ki kiyayi yanke wa littafi hukunci daga jerin madogararsa ko daga garin marubucinsa. Takardar da aka rubuta da son rai tana da amfani in kin san inda son ran ya karkata. Ko ba komai, rahoton Di'on nan da na raina shi ne ya rubuta cewa akwai gidaje a kan dutse.

Shi ma Baba Yohanna, da muka sake hawa bayan 'yan shekaru, sunayen kakannin da ya lissafa mini sun ƙaru da biyu. Ban sani ba ko ya tuno su ne, ko kuwa ganin birni yana matsowa ne ya tsawaita jerin. Yana da abin da zai rasa, kamar yadda dagaci yake da shi. Dutsen yana nuna cewa mutane sun daɗe suna zaune a wurin. Shi kaɗai bai isa ya nuna ko su wa ne, ko kuma wane gida na yau ne ya fito daga cikinsu. Wannan sai kin ji daga ƙauyukan maƙwabta, kin duba tsofaffin taswirori, kin saurari tsofaffin mata, waɗanda ni ban tambayi ko ɗaya ba. Na yi imani Baba Yohanna ya fi kusa da gaskiya. Imanina ba hujja ba ne a kundinki.

Saura mafi muni. Ban taɓa buga gyara ba. Na yi wa Baba Yohanna alkawari, na gaya wa kaina zan rubuta doguwar maƙala wadda za ta warware komai, ba ɗan gyara na layi uku ba. Aka canja edita, aka ƙara mini girma, aiki ya yi yawa. Can cikin raina kuma ina ganin jarida ai ta kwana ɗaya ce, gobe an naɗe ƙosai da ita. Na manta cewa ɗakunan karatu suna ɗaure jaridu su ajiye. Da littafin Farfesa ya fito na buɗe babin Kudna a kantin littattafai, na ga madogara biyu a ƙarƙashin jumlar: tsohon littafin nan, da maƙalata, wadda ya kawo a matsayin shaidar cewa tarihin baka na mutanen wurin ya tabbatar da maganar. Ba zan ɓoye miki ba, abin da na fara ji daɗi ne. Kunya daga baya ta zo, ita ma ba ta kai ni ga rubuta masa wasiƙa ba. Baba Yohanna ya rasu bai ga gyaran ba.

Ba na so ki jefar da littafin Farfesa. Yawancin babinsa aiki ne mai kyau, kuma a wurare da dama ya bi takardu har tushe. A nan ne ya yarda da ɗan jarida bai tambaye shi da wa ya zauna ba. Ni kuma na sauƙaƙa masa kuskuren, tun da na rubuta dattawa a inda ya kamata in rubuta sunan mutum ɗaya da matsayinsa. In kin fara hira da mutane, ki rubuta sunan kowa, gidansu, inda kuka zauna, da waɗanda ke wurin suna ji. Mai karanta ki nan gaba yana da haƙƙin ya auna majiyarki da kansa. In kuma kin gano kin yi kuskure a rubuce, ki gyara a makon, ko da layi uku ne.

Ranar Talatar da ta wuce na rubuta duk wannan a takarda mai shafi biyu, na sa hannu, na kai wa sakataren kwamitin. Na aika wa Farfesa irinta. Sakataren ya karanta a tsaye, ya ɗago ya ce, "Oga, kai ka rubuta wancan, kai kuma ka rubuta wannan. Wanne za mu ɗauka?"

Na ce na biyun.

Ya ce, "Saboda me? Wancan yana cikin littafin Farfesa. Wannan ko hatimi babu. Ina na sani ko 'yan Kudna ne suka zo suka gan ka?"

Wata mata a teburin gefe ta ce, "Haba, ka dubi furfurarsa mana."

Ya ce, "Hajiya, masu furfura nawa suka shigo nan da takarda tun safe?"

Ban ji haushinsa ba. Tambayar da ya yi ita ce tambayar da ta dace. Ya ce in rahoton nan yana nan kamar yadda na faɗa, in kawo kwafinsa mai hatimin inda aka ajiye shi, zai sa a fayil. Suna rufe karɓar takardu ƙarshen wata mai zuwa. Gidan Baba Yohanna yana cikin waɗanda aka sa wa alamar tambaya. Na kuma rubuta a takardata cewa gidan dagaci ma tun zamanin kakanni suke a wurin, kada gyaran kuskurena ya zama dalilin korar su.

Ni ban yi kwafi ba a wancan lokacin. Na karanta, na rufe fayil, na fito. Duk abin da na gaya miki game da rahoton daga ƙwaƙwalwar mutumin da ya wuce sittin ya fito, wanda kuma yake so a ce ya gyara laifinsa. Ki auna ni da wannan.

Kaduna ba ta da nisa da ke. Ki nemi takardar gabatarwa daga sashenku, ki je da safe, ki nemi rahotannin haraji na gundumar, ki karanta da idonki daga shafin farko zuwa na ƙarshe. In kin tarar da sarkin zango da gidajen kan dutse kamar yadda na tuna, ki sa a yi kwafi a buga hatimi ki aiko mini. A kundinki kuma ki rubuta cikakken sunana, ki ce maƙalar ta yi kuskure, ki nuna ta yadda aka yi. Kada ki sakaya ni da cewa wani ɗan jarida. In kuma kin tarar ba haka rahoton ya ce ba, shi ma ki aiko. Ni zan kai wa sakataren da hannuna.

Allah ya kai ki lafiya ya dawo da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya buɗa miki karatu, ya ba ki haƙurin zama da takarda har ki gama ta. Ki kula da salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki kira Mamanki ranar Juma'a.

Wassalam.

Mahaifinki.